Yadda muka samar wa Baba jinya a gida a Amurka

Mahaifina ya bar Zariya ya shigo Amurka a ƙarshen shekarun 1980, ya yi aiki a garejin ajiye motoci har ƙarfinsa ya ja baya. Duk tsawon wannan lokaci ana cire masa haraji daga albashi, shi ya sa da ya cika shekara 65 ya shiga Medicare salin alin. Medicare ita ce inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya ga tsofaffi da masu wasu nakasa, tun 1965 ake da ita, kuma wanda ya yi aikin da ya kai kimanin shekara 10 yana biyan haraji ba ya biyan kuɗin wata-wata a kan sashenta na kwanciya asibiti. Na fara da wannan ne saboda 'yan uwanmu da yawa a nan Bronx ta birnin Niyok suna ɗauko iyayensu daga gida su zo jinya, kada su ɗauka abin da zan faɗa ya shafe su kai tsaye. Wanda ya zo da bizar ziyara ba ya ciki. Mai katin zama na dindindin da bai yi aikin ba kuwa, sai ya shekara 5 a jere a ƙasar kafin a ba shi damar saye da kuɗinsa.

Baba yana da ciwon suga tun da daɗewa. Wani ɗan ƙurji ne ya fito masa a tafin ƙafar dama, ya yi shiru da bakinsa, yana sa safa yana rufewa, har ya zama gyambo. Ƙanena da suke zaune tare shi ya fara jin wari a ɗakin. Kafin a kai ga asibiti ciwon ya ci ƙashi, sai da aka cire ɗan yatsa guda. Da lokacin sallama ya yi muka tsinci kanmu cikin tsaka mai wuya: gidan Baba a hawa na huɗu yake, babu lifta, ƙanena direba ne da ke kwana a kan titi, ni kuma ina da aiki da miji da 'ya'ya a wata unguwa. Mikin yana buƙatar wanki na masu sani, ba irin wanda za mu yi da ruwan ɗumi da gishiri ba.

Jami'ar da ke shirya sallama ta kawo mana jerin kamfanonin jinyar gida da Medicare ta amince da su, ta ce zaɓi namu ne. Haka doka ta tanada, asibiti ba shi da ikon tilasta wa majiyyaci kamfani. Muka zaɓi ɗaya, likitan asibiti ya rubuta takardar turawa, ya sa sunan likitan Baba na unguwa a matsayin wanda zai ci gaba da lura da shi. Wannan layin na sunan likita, da na karanta na wuce, shi ne daga baya komai ya rataya a kansa.

Ƙa'ida ce kamfani ya turo ma'aikaciyar jinya cikin awa 48 da komawar mutum gida, ko a ranar da likita ya ajiye. Wadda ta zo mana dattijuwa ce 'yar asalin Jamaika, ta hau benen tana haki, ta wanke hannu, ta ce a tattaro mata duk wani magani da ke cikin gidan, har da na gargajiya. Ƙanena ya juye mata leda guda a kan tebur: allurar suga, ƙwayoyin hawan jini, man zafi, habbatus sauda, da wani garin magani da aka aiko daga gida. Ba ta yamutsa fuska ba, ta rubuta kowanne. Ta kwance bandejin, ta ɗauko 'yar takardar awo ta gwada tsawon mikin da faɗinsa da zurfinsa, ta duba launin ruwan da ke fita. Sannan ta shiga tambayoyin wani dogon fom da ake kira OASIS, wanda dole a kammala shi cikin kwana 5 da fara aiki. Kuna iya wanka da kanku? Baba ya ce ƙwarai. Kuna iya shiga banɗaki ba taimako? Ya ce lafiya lau. Sai ta ajiye kwamfutar hannunta ta ce, to Baba, tashi ka je ƙofa ka dawo in gani. Ya yunƙura ya koma, ya sake yunƙurawa, sai da ƙanena ya kama shi. Da ya miƙe ma bango ya bi yana dafawa, goshinsa ya jiƙe kafin ya kai ƙofar. Abin da ta gani shi ta rubuta.

A ranar Baba ya sa hannu a takardu da dama: ta amincewa da a yi masa jinya, ta sanin haƙƙoƙinsa, ta tsare sirrin lafiyarsa. Hannunsa yana rawa, amma shi ya sa da kansa, domin muddin mutum yana cikin hankalinsa ba wanda zai sa masa, ko da ɗan cikinsa ne. Ya kuma rubuta sunana a cikin waɗanda aka yarda a yi magana da su a kan ciwonsa. Ba don wannan ba da duk kiran da na yi daga baya ba wanda zai saurare ni. Mun kuma cika takardar wakilci ta jihar Niyok, wadda ke ba ni ikon yanke shawarar magani idan likita ya tabbatar Baba ba ya iya yankewa da kansa. Ba ta buƙatar lauya, shaidu biyu baligai kawai, kuma wakilin ba ya zama shaida.

Ba a jima ba aka kira ni daga kamfanin. Matar ta yi min bayani a tsanake, kuma daga bakinta na fara fahimtar yadda abin yake tafiya. Kafin Medicare ta biya ko sisi, sai likita ya shaida da sa hannunsa cewa ciwo ya tsare mutumin a gida, cewa yana buƙatar aikin ƙwararru lokaci-lokaci, kamar na ma'aikaciyar jinya ko na gashin ƙashi ko na gyaran magana, cewa an tsara masa yadda jinyar za ta gudana kuma likita yana bibiyar tsarin, cewa yana ƙarƙashin kulawar likita, sannan cewa an gan shi ido da ido a kan ainihin ciwon da ya jawo jinyar. Wannan ganin sai ya faɗo cikin kwana 90 kafin fara jinya ko cikin kwana 30 bayan farawa, kuma sai an rubuta kwanan watan da aka yi shi a cikin shaidar.

Matsalarmu biyu ce. Takardar sallama daga asibiti ta ce Baba yana tafiya da ƙafarsa ba tare da taimako ba. Na san daga ina wannan ta fito: an tambaye shi yana kwance a gado, ya ba su amsar da ya saba ba kowa. Likitansa na unguwa kuwa ya gan shi cikin kwana 90 ɗin, amma a kan hawan jini, kuma bayanin ranar ya ce yana cikin ƙoshin lafiya, babu ko kalma guda a kan ƙafa. Saboda haka likitan ya ce ya yarda a ci gaba da wankin miki da umarninsa, amma ba zai sa hannu a kan shaida ba sai an kawo masa Baba ya gani da idonsa. A lokacin abin ya yi min nauyi, ina tunanin benen nan. Amma gaskiyarsa ce, ana nema ne ya rantse a kan abin da bai gani ba, alhali takardun da ke gabansa suna faɗin akasin haka. Kamfanin kuma bai ɓoye mana ba: idan kwana 30 suka cika ba a yi ganawar ba, ba za a biya su ba, kuma dole su janye ma'aikatansu.

Maganar tsaruwa a gida ita ce mutanenmu suka fi yi wa mummunar fahimta. Sharaɗin hawa biyu ne. Na farko, ko dai mutum ba ya iya fita sai da sanda ko abin dogarawa ko keken marasa lafiya ko motar musamman ko taimakon wani, ko kuma fitar tana da haɗari ga lafiyarsa. Na biyu, ya kasance a bisa al'ada ba ya iya barin gida, kuma in ya fita sai da wahala mai tsanani da ke gajiyar da shi. Sai an haɗa duka biyun. Ba a ce sai wanda ke kwance ba ya motsi ba.

Abokan Baba da suka zo dubiya sun tsorata shi, suka ce idan aka gan shi a waje ko sau ɗaya za a yanke masa komai. Ya kira ni da dare murya a sanyaye, ya ce in dai sai ya bar Juma'a gaba ɗaya, to a bar jinyar. Na nemi ƙa'idar na karanta da kaina, na kuma tambayi ma'aikaciyar jinyar. Zuwa wurin ibada yana cikin fitar da aka halatta ƙarara. Haka zuwa ganin likita, haka fita jefi-jefi ta ɗan lokaci kamar zuwa wurin wanzami, ko jana'iza, ko bikin kammala karatun jika. Abin da ke rushe sharaɗin shi ne a ga mutum yana fita a kai a kai, yana daɗewa, ba tare da wata wahala ba. A makonnin farko dai likita ne ya hana shi yawan taka ƙafar, ba Medicare ba, kuma da ya ji bambancin hankalinsa ya kwanta.

Daren da za mu je wurin likita na zauna kusa da shi bayan sallar isha'i. Na ce, “Baba, gobe in ya tambaye ku, don Allah ku gaya masa yadda abin yake.”

Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, “Uwata, mutum ya zauna yana kai ƙarar Ubangijinsa wurin bawa?”

Na ce, “Ba ƙara ba ce, Baba. Ai ku kuka koya mana cewa neman magani umarni ne. Yaya zai ba ku magani a kan abin da kuka rufe masa? Ku yi hamdala, sannan ku faɗa masa cewa ba kwa iya sauka bene.”

Bai ce min e ba, bai ce a'a ba. Ya dai ce in kashe fitila.

Wannan ita ce maganar da ta sa na zauna rubutun nan. An tarbiyyantar da mu a kan haƙuri da rufin asiri. Dattijon Bahaushe ko yana mutuwa ka tambaye shi jiki zai ce da sauƙi, kuma a gida kowa ya san yadda ake sauraron wannan amsa, ana duba fuska, ana tambayar wanda ke jinya a gefe. Likitan nan yana da 'yan mintoci ne da kowane majiyyaci, ya ji da sauƙi ya rubuta da sauƙi. Bayan watanni wani mai bincike da bai taɓa ganin Baba ba zai buɗe fayil ya karanta wannan rubutun, da shi zai yanke hukunci ko jinyar ta cancanta. Ba na so iyayenmu su bar haƙurinsu, shi ne adonsu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in tsohon ba zai faɗa ba, wajibi ne wani daga cikin 'ya'yansa ya shiga ɗakin likita tare da shi ya faɗa, a gabansa, cikin ladabi.

Saukowa daga benen da safe sai da ƙanena da wani maƙwabcinmu ɗan Kumasi suka sa shi a tsakiya, ɗaya a gaba yana tafiya da baya, ɗaya a baya riƙe da ƙugunsa. A kowane hawa sai ya zauna a kan matakala ya huta, yana numfashi da baki, ga sanyi amma rigarsa ta jiƙe. Da muka isa ƙasa ya kasa ɗaga ƙafa ya shiga mota sai da aka ɗaga masa. Na rubuta duk wannan a ɗan littafina, tare da abin da na lura da shi a gida: yadda yake dafa bango, yadda yake sallah a zaune, faɗuwar da ya yi a banɗaki da bai gaya wa kowa ba sai da ƙanena ya ga ƙujewa a gwiwar hannunsa.

Likitan ya buɗe mikin ya duba, ya taɓa ƙafar da wani siririn zare yana tambayar ko yana ji, a wurare da yawa ba ya ji. Ya tambaye shi yaya ya zo. Baba ya dube ni, ya dubi ƙasa, sannan ya ce mutum biyu ne suka sauko da shi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni na ƙarasa sauran daga littafin. Tun watan Afrilun 2021 majiyyata a Amurka suna da damar karanta bayanan da likitocinsu suka rubuta ta intanet, don haka da yamma na buɗe na karanta. Ya rubuta girman mikin da inda yake, ya rubuta cewa yana buƙatar ma'aikaciyar jinya domin wanki da lura da alamun ruɓa, da ma'aikacin gashin ƙashi domin koya masa tafiya da abin dogarawa bayan cire yatsa. Ya rubuta hawa huɗu babu lifta, taimakon mutum biyu, haki da hutawa a kowane hawa, da faɗuwar banɗaki. Irin wannan bayani ake nema. Likita ya rubuta cewa mutum ya tsaru a gida ya yi shiru, ko ya ce yana da rauni kawai, bai wadatar ba, sai ya nuna dalili daga jikin majiyyacin.

Sharaɗin ganin ido da ido ya fito ne daga dokar lafiya ta 2010, aka fara aiki da shi sosai a watan Afrilun 2011. Da farko sai likita ya rubuta wani bayani na dabam a kan takardar shaida, kuma an ƙi biyan kuɗi masu yawa saboda bayanin bai gamsar ba. Daga Janairun 2015 aka cire wannan, aka ce fayil ɗin likitan kansa ko na asibitin da aka kwantar da mutum shi za a duba. Rubutun ma'aikatan kamfani shi kaɗai ba ya tsayawa hujja, tunda su ne masu karɓar kuɗin. Amma likita yana iya karɓar taƙaitaccen bincikensu, ya duba, ya sa hannu da kwanan wata, ya haɗa cikin fayil ɗinsa, muddin ya dace da abin da shi ma ya gani. Haka aka yi da abin da dattijuwar nan ta rubuta ranar farko.

Duk wannan tsanani yana da tushe. An yi sata mai yawa da sunan jinyar gida. A 2012 aka kama wani likita a yankin Dallas ta jihar Texas, Jacques Roy, bisa zargin damfarar da ta kai kusan dala miliyan 375, ta hanyar shaida wa dubban mutane cewa suna buƙatar jinya a gida, aka yanke masa shekara 35 a 2017. Idan na tuna wannan sai fushina a kan takardu ya ragu, ko da yake masu gaskiya ne ke ɗaukar wahalar abin da ɓarayi suka jawo.

Bayan ganawar sai tsarin jinya. Ma'aikatan suna ce masa 485, daga lambar wani tsohon fom na gwamnati wanda ba dole ba ne a yi amfani da shi yanzu, amma sunan ya zauna. A ciki akwai cututtukan mutum, da magungunansa da yawan kowanne, da abincin da aka yarda ya ci, da abin da aka hana shi, da burin da ake son cimmawa, da yawan zuwan kowane ma'aikaci. Za ka ga an rubuta 2w4, ma'ana sau biyu a mako har mako huɗu. Na roƙi kwafi na zauna da ledar magungunan ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya, sai na ga wata ƙwayar hawan jini da asibiti ya dakatar tana nan a jerin. Na sanar da ma'aikaciyar jinyar, ta kira likita, aka gyara kafin ya sa hannu. Duk wanda ke jinyar wani ya nemi wannan kwafin, haƙƙinsa ne.

Daga nan aka shiga jiran hannu. Har yau da na'urar faks ake aika yawancin waɗannan takardu, su taru a kan teburin ofishin likita tare da na sauran majiyyata. Kamfani ya ce ya aika, ofis ya ce bai gani ba, a sake aikawa. Ban yi faɗa da kowa ba. Na je da kaina, na gaishe da matar da ke karɓar takardu, na tambaye ta wace rana likita ke zama ya sa hannu, na riƙa kira a wannan ranar. Da takardar ta koma kamfani sai aka ga ya sa hannu amma bai rubuta kwanan wata ba. Suka ƙi karɓa, suka mayar masa. Na ce ba za ku rubuta da kanku ba, tunda kun san ranar da ta iso? Suka ce a'a, wanda ya sa hannu shi zai rubuta, kuma ba a komawa baya a ƙirƙiro wata rana.

A wannan jiran na koyi sauran ƙa'idojin. Hannu sai na biro ko na kwamfuta mai nuna sunan mai shi da lokacin da ya sa. Hatimin roba ba ya karɓuwa, sai ga likitan da ke da nakasar da ta hana shi rubutu kuma ya kawo hujja. Idan hannun ba ya karantuwa, sai a sami sunansa a buge a ƙarƙashi, ko a haɗa da takardar da ke nuna wannan hannun na wane ne. Likitan sai ya kasance mai rajista da Medicare, da lambarsa ta ƙasa mai alƙaluma 10, kuma ba shi da wata alaƙar kuɗi da kamfanin da doka ta hana. Da can likita kaɗai ke iya sa wannan hannu, har da likitan ƙafa a kan abin da ya shafi fanninsa. Daga watan Maris na 2020, lokacin korona, dokar tarayya ta buɗe wa manyan ma'aikatan jinya masu lasisin duba majiyyaci da mataimakan likita, gwargwadon abin da dokar kowace jiha ta yarda. Kamfani ba ya iya aika takardar neman biya ta ƙarshe sai hannun nan ya sauka, shi ya sa suke bin ofisoshin likitoci kamar masu bin bashi.

Sau ɗaya ma'aikaciyar jinyar ta ga ruwan mikin ya ƙaru, ta ga ya kamata a canza irin abin da ake rufe shi da shi. Ba ta canza da ra'ayinta ba. A gabana ta kira likita, ya ba ta umarni ta waya, ta maimaita masa abin da ya ce, ta rubuta da ranar da lokacin da sunanta. Wannan ma sai da aka aika masa ya sa hannu daga baya. Ko ƙara yawan zuwa ne ko ragewa, hanyar ke nan. Ita ce kuma ta ce kada ruwa ya taɓa bandejin, muka tambayi limaminmu a kan alwala ya yi wa Baba bayanin shafa a kan ɗauri.

Tsarin ya haɗa da mai taimaka masa wanka. Da Baba ya ji mace za a turo ya ce sam. Na gaya wa kamfanin dalili ba tare da kwana-kwana ba, suka ce maza ba su da yawa a aikin amma za su nema, kuma sun samo. Sai dai kada kowa ya yi zaton za a ba shi mai zama da tsoho yini guda. Aikin ma'aikaciyar jinya da na mai taimako a haɗe ba ya kai awa 8 a rana, ba ya wuce awa 28 a mako, sai a wasu lokuta a kai 35, kuma abin da ake bayarwa a zahiri ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Babu kwana, babu girki, babu shara da cefane. Mai taimakon ma yana zuwa ne muddin akwai aikin ƙwararru da ke gudana. Ɗibar jini kaɗai ba ta isa dalili.

Ba mu biya komai a kan zuwan ma'aikatan ba. A kan abin dogarawa mai ƙafa huɗu an caje mu kashi 20 cikin 100. Daga baya a takardar bayanin da Medicare ke aikowa na ga wani caji daga likita mai lamba G0180 a ranar da ba mu je wurinsa ba, na tambaya aka ce kuɗin duba tsarin jinya da sa hannu ne, kuma halal ɗinsa ne. Wanda ke cikin tsarin Medicare Advantage, na kamfanonin inshora masu zaman kansu, sau da yawa yana da ƙarin mataki na neman izini tukuna, Baba ba ya ciki. Kowane zuwa kuma ma'aikaci yana miƙa masa kwamfutar hannu ya sa hannu da yatsa. Na roƙe shi da ƙanena kada su taɓa sa hannu a kan zuwan da ba a yi ba, ko don kunya ko don tausayin ma'aikaci.

Shaidar likita tana aiki na kwana 60 ne. Tun Janairun 2020 ana biyan kamfanoni kwana 30-30, wannan yana rikita mutane, amma lissafin kuɗinsu ne, bai taɓa wa'adin shaidar ba. A cikin kwana 5 na ƙarshe ma'aikaciyar jinyar ta sake cikakken bincike, ta ga mikin ya ragu amma bai rufe ba, aka tsara sabon zango, likita ya sake sa hannu, wannan karon da kwanan wata. Sabuntawa ba ta buƙatar sabon ganin ido da ido matuƙar jinyar ba ta yanke ba. Ba kuma sharaɗi ba ne sai mutum yana samun sauƙi. Tun sulhun da aka yi a 2013 a shari'ar Jimmo, wata ƙara da majiyyata suka shigar a kan ƙa'idar biyan Medicare, aka fayyace cewa ana iya ci gaba da aikin ƙwararru domin a riƙe mutum inda yake ko a rage saurin lalacewa, in har aikin na ƙwararru ne. Masu jinyar shanyewar ɓarin jiki su riƙe wannan da kyau, domin har yanzu akwai ma'aikatan da ke cewa tunda ba ya ci gaba za a rufe.

A zango na biyu mikin ya rufe, Baba ya iya sauka bene da sanda da mutum ɗaya a gefensa. Aka kawo mana takardar sanarwa cewa jinya za ta ƙare, wadda dole a bayar aƙalla kwana 2 kafin ranar, da lambar wayar hukumar da ake kai ƙorafin gaggawa in mutum bai yarda ba. Ba mu kai ba, domin aikin da aka zo yi ya kammala. Wanka ya dawo wuyanmu, ya haɗu da girki da rakiya da dama muke yi, kuma neman mai taimako na dogon lokaci hanyarsa ta Medicaid ce, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, da nata binciken da nata takardun, muna kan bi.

Idan ƙafar ta sake buɗewa, Allah ya kiyaye, za a ɗauke shi a matsayin sabon farawa, da sabuwar ganawa da sabuwar shaida. Saboda haka yanzu Baba yana ganin likitan ƙafa a kai a kai, ni ko ƙanena muna shiga tare da shi, kuma duk ranar da aka je ina buɗe bayanin da yamma in karanta. In na ga abin da bai dace da halin da yake ciki a gida ba, washegari nake kiran ofishin in nemi likita ya duba ya yi gyara da hannunsa.